Tantabarar da ke Kusurwar Allo

Shekaranjiya wani mai shayi a Ƙaura Namoda ya kira ni in sabunta masa allon shagonsa. Ni da nake ci da rubutu da zane, yau aiki gobe shiru, ba na ƙin irin wannan. Ina ɗaga kai na gane hannun marigayi Kawu, wanda ya koya mini sana'ar. Fentin ya koɗe, amma 'yar tantabarar da yake zanawa a kusurwa maimakon sunansa tana nan.

Kawu ba ya rubuta harafi uku bai tsallaka titi ya hango su daga can ba. Wata ranar kasuwar Shinkafi na tarar da shi yana warin kananzir, yatsunsa duk shuɗi, yana kutsawa tsakanin babura da shanu. Na ce, "Kawu, ka tsaya wuri ɗaya mana!"

Ya ce, "Rubutun ga na mai wucewa na, ba nawa ba. Dole in duba da idonai."

A gaban allon nan na buɗe gwangwanin fenti, na rufe, na tsallaka titi, na dawo, na sake tsallakawa. Mai shayi ya ce, "Malam, mi kaka jira? In ba ka iyawa in kira wani."

Na san wani zai shafe komai, har tantabarar. Sai na shafe rubutun Kawu da hannuna, na bar tantabarar.

Allah ya ji ƙanka, Kawu, ya ba ka hutun da ba ka koya mini ba.