Kalmar da na ce a canza wa karen maigidana

Shekarun baya kaɗan, muna zaune a unguwar Mansur, a ƙasa mai tsarki, ɗana na fari bai gama iya magana ba, ƙanwarsa tana goye, maigidana ya sayo kare. Ba na cikin gida ba, Allah ya kiyaye. Yana da 'yan tumaki a wata zariba, wato garke, can bayan Muzdalifa, karnukan daji suna ɗauke masa ƙanana, sai aka ce ya ajiye na gadi. Karen ga ƙarfi amma ba ya jin magana, shi ne ya sa shi a ajin horo. Wani Balarabe ne ke tara masu karnuka a wani fili a bayan gari duk Asabar bayan la'asar.

Ni kowa ya san ni da tsoro. Ko fanka ce ta canza ƙara sai na tashi na leƙa yara. Na ce ba zan je ba, ya ce daga can za mu wuce unguwar Rusaifa gaida mahaifiyarsa, ba zai yi tafiya biyu ba. Haka na shimfiɗa tabarma a gefen mota, nesa da su, na riƙe rigar ɗana kamar za a ƙwace min shi.

Larabcina na cefane ne, amma ido ba ya buƙatar yare. Maza sun yi layi, kowa da karensa. A ce "ijlis", su zauna. A ce "ta'al", su zo. Sai mai horon ya ajiye tsokar nama a gaban kowane kare. Kare yana kallo, yawu na zuba, ba ya taɓawa sai ubangidansa ya ce "kul", wato ci.

A mota na ce, "Abban yara, wannan kalmar a canza ta. A wurinmu kul ai hani ne. Ita nake faɗa wa yaron nan tun safe har dare, in ya nufi wuta ko wuƙa."

Ya kwashe da dariya. Shi a nan aka haife shi, Larabci ne a bakinsa, Hausa sai in zai yi magana da ni ko da mahaifiyarsa. "Ya bintil halal, 'yar halak, kare Larabci ya koya, ina ruwansa da Hausarku? Kuma muryata kaɗai yake bi. Ni yaushe rabona da in ce kul irin taku? Ke dai ba kya rasa abin tsoro."

Hausarku. Kamar shi daga sama ya faɗo.

Wata Asabar darasin jira ake yi. An saki igiyoyi a ƙasa, karnuka na zaune, masu su sun ja da baya. Ina ba jaririya nono, ɗana yana gefena da cinyar kaza da na ciro masa daga shinkafar buhari. Na sunkuya in gyara mayafi, ina ɗagowa na hango shi can tsakiyar fili, ya tsaya a gaban karen, ya miƙa masa kazar yana cewa "ungo".

Wallahi karen bai motsa ba. Jikinsa na rawa, idonsa na kan ubangidansa, yana jira kamar yadda aka koya masa. Da an yi shiru, da mai horon da ke tahowa a hankali ya ɗauke yaron, shi ke nan. Sai maigidana ya firgita, ya daka wa ɗansa tsawa da duk ƙarfinsa:

"Kai! Kul!"

Da Hausa. Da muryar da mahaifiyarsa ta raine shi da ita. Kare ya ji umarni daga bakin da ya sani, ya cafke kazar haɗe da babban yatsan ɗana.

Ban san yadda na isa wurin da jaririya a hannu ba. Jini har gwiwar hannunsa. Mai horon yana ɗaure masa yatsan yana cewa karen bai yi laifi ba, abin da aka ce masa ya yi. Abin da ya fi ƙona min rai, gaskiya ya faɗa.

A hanyar asibiti maigidana ya buɗe baki ya ce, "Me ya sa kika sake shi?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Ni na sake shi, kai kuma ka ce a ci! Ban faɗa maka ba? A motar nan, a kujerar nan na faɗa maka, ka yi min dariya!"

An yi ɗinki, an yi allurai, yatsa ya tsira, alhamdu lillahi. Maigidana ya koma ajin shi kaɗai suka canza kalmar. Yanzu "tafaddal", wato bismilla, ake ce wa karen, kamar wani babban baƙo.

Har gobe ni matsoraciya ce, amma na daina jin kunyar hakan. Mai tsoro ita ce ke zaune tana kallon abin da masu dariya ba su gani. Yaron yanzu yana makaranta, da wannan yatsan yake riƙe fensir, duk sanda na ga tabon sai raina ya ɓaci sabo.

Maigidana bai taɓa ce min "kin yi gaskiya" ba. Amma tun daga ranar, in an zuba abinci, ba ya iya ce wa ɗansa "kul ya waladi", wato ci ɗana, kamar yadda ya saba. Sai dai ya tura masa faranti shiru, ya kawar da kai. Ina gani. Ban kuma taɓa ce masa komai ya wuce ba.