Tsarabar da ta ci haƙoran angona

Ku cinko mani wannan: wane ɓarawo ne ake sayowa a kasuwa, a shigo da shi gida yara na tsalle?

Jiya angona Sanusi, jikana ɗan shekara ukku, ya ƙi taɓa dambun da na yi mashi. Ya dafe kunci shina hawaye. Na buɗa bakin, haƙoran gaba sun yi baƙi, guda ya ruɓe.

Ubanshi direba ne, daga garin Isa zuwa Sakkwato. Bai taɓa dawowa hannu wofi ba, wai kada yaro ya manta da shi.

Da na nuna wa uban, ya ce, "Inna, haƙoran nono ne fa, zubewa za su yi."

Na ce, "Kafin su zube, kai za ka ɗaukar mashi ciwon? Ni ba ni zama da ango mai giɓi, nawa ya ishe mu."

Uban ya yi dariya, idonshi cike da ƙwalla.

Gobe za ni kai Sanusi asibiti. Ƙanwarshi kuwa, safe da yamma ake goge mata 'yan haƙoranta da ƙyalle mai tsabta. Tsaraba ta koma kankana.

Naku jikokin, mi ake kawo masu?

Ɓarawon dai alewa ce.