Maigidana da igwar bakin teku

Da aka gama yaƙin Turawa, maigidana ya dawo Wagini. Sauran sojojin ƙasarmu daga Bama suka fito, kowa da labarin daji da harbe-harbe. Shi kuwa Ikko aka kai shi, can inda ƙasa ta ƙare, wai yana gadin ruwa.

Lafiya lau ya dawo, ba rauni ko ɗaya, sai dai ba ya amsa mini magana. Ni dama muryata ƙasa-ƙasa take, haka Inna ta rene mu. In durƙusa in yi masa sannu, yana kallon bango. In ce ga tuwo, sai ya ga akushi sannan ya juyo. In kuma shi zai yi magana, sai ya ɗaga murya kamar mai kiran shanu. Gwaggona ta ce ai ya ga matan Ikko. Maƙwabciya ta ce aljanun teku ne. Na rasa wadda zan kama, na ci gaba da renon goyona.

Ranar kasuwar Batsari abin ya ɓaci. Babana na zaune gindin tsamiya cikin dattawa, ya hango surukinsa zai wuce, har ya sauke girmansa ya fara yi masa sallama. Sau uku. Maigidana ya wuce da jakinsa, ko waiwaye babu. Da yamma Baba ya aiko Gwaggo, ya ce in haɗa kayana ranar Juma'a, ba zai bar 'yarsa a gidan da ba a amsa sallama ba.

Ana jibi Juma'ar na kai masa fura gona. Sai ga shanun Fulanin Yasore sun ɓalle ta bayansa, makiyayin yana ta ihu, shi kuwa yana sunkuye da fartanya. Bai ɗago ba sai da wani bijimi ya goge shi. Na aje ƙwaryar, na kai bakina kusa da kunnensa.

"Maigida, ba ka ji ne?"

Ya taɓa kunnen. "Na hagu, kaɗan-kaɗan. Na dama ya zauna a Ikko."

Ya ɗauki kara ya zana mini a ƙasa. Ga tsibiri, ruwa ya kewaye shi. Ga mashigar da jirage ke bi su kai tasha. Ga igwarsu a kan siminti, bakinta na kallon teku, doguwa kamar an kwantar da giginya. Shi ke rungumo harsashi ya tura mata. Ana ba su auduga su toshe kunne, amma da auduga ba ya jin umarnin saje, sai ya riƙa cirewa.

"Jamusawa nawa kuka harba?"

"Ko ɗaya. Ba su zo ba."

"To me kuke harbi?"

"Katako. Jirgi ke jan shi a kan ruwa, mu muna gwaji."

"Ruwan da kuke gadi fa, ana sha?"

"Gishiri ne."

Na juya maganar ta kowane gefe, ba ta zauna ba. Har yau ma ba ta gama zama ba. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa.

"Wasu ƙafa suka baro a Bama. Ni in ce wajen harbin katako na kurmance?"

Ranar Juma'a muka je tare, ba kaya. Ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya durƙusa, ya kwarara gaisuwa har kaji suka watse. Baba ya amsa a daƙile. Ni da ban taɓa ɗaga murya gaban Baba ba, na matsa kusa da kunnen maigidana na hagu.

"Baba ya ce lafiya lau! Ya ce ina gajiya!"

Haka muka bi gaisuwar kaf, da gida, da gona, da dabbobi, mata na ƙyalƙyala dariya bayan zana. Baba ya dubi kunnen, ya dube ni.

"Ashe kina da murya? Tashi ki bi mijinki, kafin ni ma ki toshe mini nawa."

Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na shiga, don shi ya koyo boko a soja. Tun daga nan, abin da bai kamata maƙwabta su ji ba, a ƙasa nake rubuta masa.