Ranar da Aka Kwantar da Ni a Kan Hagu

Tun ina yaro a Ƙofar Durbi kakata ta koya mini kwanciya a kan dama, yadda sunna ta nuna. Ko cikin barci na juya, sai ta mayar da ni. A haka na tsufa.

Da ciwon ciki ya kai ni asibiti, likita ya ce za a zura siririn bututu mai kyamara ta dubura a duba hanjina. Ina hawa gado na kwanta a kan dama.

"Baba, hagu za ka kwanta, ka naɗe gwiwoyi," in ji ma'aikaciyar jinya.

Na tambayi dalili, don ni ba a juya ni haka kawai. Likitan ya ce hanji lungu-lungu ne kamar cikin gari, kowace kwana da kwanciyar da ke buɗe ta.

Ana tsakiyar aiki bututun ya cije. Suka mayar da ni rigingine, ya ƙi gaba.

"Baba, juya dama," in ji likitan.

Ina kallon allo hanya ta buɗe, bututun ya wuce. Na so a ce kakata tana ɗakin.