Gyambon Baba Kafinta

Mai Keke ake kiranta a layin, saboda keken ɗinkin da ta shekara ashirin tana takawa a ƙofar ɗakinta. A duk shekarun nan ba ta taɓa kama sunan surukinta ba, ba ta taɓa zama kan kujera yana tsaye ba. Baba kafinta ne, rabin bencinan layin aikin hannunsa ne.

Da ɓarin jikinsa ya shanye, jinya ta faɗo kanta ba tare da wani ya ce ke za ki yi ba. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati bai kwana gida ba. Ƙanen mijin, malamin makaranta, shi ke yi wa Baba wanka da safe, a gurguje, ido ɗaya na kan agogo. Sauran wunin nata ne: ba shi abinci da cokali, wankin zannuwan gado, shanya, da juya shi duk bayan awa biyu kamar yadda aka ce a asibiti.

Juyawar kam ba ta taɓa fashi ba. Sai dai takan lulluɓe shi daga ƙirji har ƙafa, ta kawar da kai, ta kama gefen zanin gado ta ja. Wata huɗu ana haka. Bayanta ya riƙe, idonta ya faɗa, masu ɗinki suka fara zuwa suna karɓar yadinsu ko almakashi bai taɓa ba.

Sai wari ya soma. Ta zargi ledar katifa, ta sauya. Ta ce ko ɓera ne ya mutu a bayan akwati, ta janye komai ta share. Warin yana nan.

Ranar da zazzaɓi ya rufe Baba, ta aika aka kira wata nas da ke haya a ƙarshen layi. Nas ta shiga, ta mirgina shi, ta yaye mayafin kai tsaye. Mai Keke ta koma bakin ƙofa.

"Yaya, zo ki gani."

"Ina jin ki daga nan."

"Ba na ji ba ne, na gani ne. Gyambo ne a ƙasan bayansa, faɗin bakin kofi, har ya fara rami. Wa ke masa wanka?"

"Malam."

"To Malam ƙofar shago kawai yake sharewa, bai taɓa leƙa baya ba. Gobe a kai shi likita ya duba. Bayan nan kullum sau biyu sai an wanke da ruwan gishiri an sa sabuwar auduga. Ni ina wurin aiki. In aka bar shi, har ƙashi zai ci."

"Surukina ne fa."

"Gyambon bai san da wannan ba."

Fuskar Baba na kallon bango. Harshensa ya yi nauyi, sai an kasa kunne ake gane shi.

"'Yar nan."

"Na'am, Baba."

"Na fi wata ina jin warin jikina. Nauyinki nake ji, shi ya sa ban faɗa ba."

Ta jima a tsaye, hannunta kan ƙyaure. Sannan ta tako ta durƙusa kusa da nas, ta duba. Wurin ja ne, tsakiyarsa ta yi baƙi. Nas ta sa mata safar hannu, ta kama yatsunta ta nuna mata yadda ake gogewa daga ciki zuwa waje, da inda za ta sa matashi kada wurin ya taɓa katifa.

Da yamma babu nas, Malam bai dawo ba. Ta tafasa ruwa ta bar shi ya huce, ta jera auduga a faranti. Ƙafafunta sun kumbura, tun safe ba ta sa komai a ciki ba.

"Baba, zan buɗe."

Ya rufe ido.

"Buɗe, 'yar nan."

Ta naɗe mayafin zuwa gwiwarsa, ta jawo fitila kusa don ta ga wurin da kyau.