Asibitin da Ya San Ni

Sana'ata bandar kifi ce a Gashua, ba albashi, ba ubangida. Da aka zo rumfarmu ana rubuta masu son katin inshorar lafiya, kwana uku na yi ina juya maganar. Na tambayi limamin unguwarmu ko akwai caca a ciki, ya ce taimakekeniya ce, kowa ya zuba kaɗan a yi wa wanda ya kwanta magani. Washegari na koma na sake tambayarsa, ko ban yi masa bayani daidai ba.

Mai cike takardar ta ce, "Baba, ina ne asibitinka?"

Nufinta inda zan riƙa zuwa. Ni kuwa ban taɓa kwanciya ba, kuma ina tsoron ƙarya a takardar hukuma. Asibiti ɗaya ne zan iya rantsewa ya san ni, wanda aka haife ni a ciki. Na ce ta rubuta Nguru.

Uwar yarana ta juya katin ta ce, "Malam, kuɗin nan kogi ka zuba su." Na naɗe shi a leda biyu. Wata biyar ko mura ban yi ba. Har na kama zuciyata tana marmarin ɗan zazzaɓi don matar nan ta gani, na yi ta istigfari.

Sai na taka ƙayar kifin kurungu. Kwana biyu ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Muka je asibitin kusa da mu, ina ɗingishi ina murmushi. Mai duba kati ya ce, "Malam, ai kai ɗan Nguru ne. In a nan kake so, sai ka biya, daga baya a sauya maka."

Na ce Nguru za mu. A mota uwar yarana ta ce, "Allah ya sa ungozomarka tana nan ta shaide ka." Fasinjoji suka yi ta dariya, ni kuwa ina fargabar kada can ma a ce ba su san ni ba.

Sun san katin. Nas ta cire ƙayar, aka yi mini allura, aka ba ni ƙwayoyi. Na zaro kuɗi.

"Baba, mayar da kuɗinka."

"'Yata, ki dai duba, kada in ci haƙƙin wani."

Sau uku tana dubawa. Dariya ta ƙwace mini a kan benci, na kasa tsayar da ita. A tasha duk wanda ya gaishe ni sai na ɗaga masa bandeji. Har tsire na saya wa direba.

Mun wuce rabin hanyar komawa gida uwar yarana ta ce, "Kuɗin mota dai sun fi na maganin." Sai ta ƙara da cewa, "Gobe ka raka ni a yi mini nawa. Amma in an tambaye ni asibitina, kada ka buɗe baki."