Farar Hular Baba Ila

Shekara goma sha takwas, kullum kafin bakwai na safe babur ɗin Baba Ila ya baro Rafin Guza ya iso gidan talabijin ɗinmu. Ba shi da doguwar gaisuwa. Ɗakin kaya yake wucewa, ya gwada batira ɗaya bayan ɗaya, ya goge gilashin kyamara, ya saka kaset. Sai ya cire farar hularsa ya miƙa ta gaban gilashin da hannun hagu, ya danna maɓalli, ya bar kaset ya ɗan yi gudu. Da wannan hular kyamara ke gane fari, in kuwa ta gane fari sauran launuka sai su zauna daidai. Duk inda aka je aiki sai ya sake, domin hasken ɗaki daban, na rana daban.

Ni ce Asma'u mai gabatar da shirin mata, wadda 'yan tumatir ke kira da suna a kasuwa. Watan jiya aka ce Baba Ila zai yi ritaya, aka ɗora mini haɗa fim na minti biyar a kansa, wanda za a nuna a bikin sallama, a kuma watsa bikin kai tsaye. Na je gidansa neman bayani. Matarsa Magajiya ta ja ni gefe.

"'Yar nan, alfarma ɗaya nake roƙo," in ji ta. "A nuna min shi a akwatin nan ko sau ɗaya. Maƙwabta cewa suke gadi yake yi a wajenku, yana jin kunyar faɗa. Jikokinsa ma sun fara yarda."

Na yi dariya na ce ai wannan mai sauƙi ne. Kwana huɗu na yi a ɗakin ajiyar kaset ina sakawa ina cirewa. Na ga manyan baƙi, na ga 'yan dambe, na ga fuskata har ta ishe ni. Fuskar Baba Ila kuwa babu ita, ko a gefe, ko cikin kuskure. Na roƙe shi ya zauna a ɗauke shi, ya ce, "Hajiya, ni ba ta wannan gefen nake aiki ba." Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, kuma a wannan magana ni ce gardin.

Ganin haka na shiga tambayar waɗanda suka yi aiki da shi, kowa ya buɗe baki sai na riƙe nawa. Istifanus, wanda ke zama cikin motar watsa shiri yana zaɓar hoton da zai fita, ya ba ni labarin wasannin makarantu da aka watsa kai tsaye daga wani fili a Unguwar Sarki. Jar fitilar da ke kan kyamarar Baba Ila tana kunne, wato hotonsa ne ke shiga gidajen mutane. Sai ƙudan zuma suka taso daga wata bishiyar mangwaro. Masu sauran kyamarori biyun suka bar su suka ranta a na kare.

"Ni ina cikin mota, ban san me ake ciki ba," in ji Istifanus. "Cewa kawai nake ta waya, Baba riƙe, Baba riƙe. Minti uku hoton nan bai girgiza ba. Da na fito na gan shi, fuska ta kumbura, idon hagu ya rufe ruf. Kin san me ya tambaye ni? Wai hoton ya fita da kyau?"

Wani abin kuma a bakin mai gyaran na'urorinmu na ji shi. Kyamarorin nan suna da ido mai buɗewa da tsukewa da kansa gwargwadon haske. In ya ga taron fararen riguna sai ya tsuke, riguna su fito fes, fuskoki su koma gawayi. Baba Ila bai taɓa barin idon ya yi gaban kansa ba, da yatsa yake buɗe shi, mutum bayan mutum. Ita kuma 'yar tagar da yake leƙawa baƙi da fari kawai take nunawa, haka ma akwatin gidansa. Ashe duk atamfofin da nake taƙama da su, wanda ya fito da launinsu bai cika ganinsu a allo ba.

Sau ɗaya aka taɓa kama shi da kuskure, shi ma laifin ƙauna ne. Magajiya ta sa wa hular bula don ta ƙara haske. Kyamara ta ɗauki shuɗi-shuɗin nan a matsayin fari, ranar kowa ya fito ja-ja kamar an shafa masa manja. Tun daga nan bula ba ta sake kusantar hular ba.

Wannan labarin ne ya tuna min abin da nake ta tsallakewa a farkon kowane kaset. Na koma na yanko su na jera bisa shekara. Ranar biki aka saka. Hula ce da hannu, sai wata hular da hannun, tun yana sumul har jijiyoyi suka taso, har ya fara 'yar rawa. Can Magajiya ta ce a hankali, "Hannunsa ne. Ga tabon ƙunar salansar babur nan."

Baba Ila, kai ne ka ɗauki kaya mai nauyin jarkar manja a kafaɗa har ta dama ta fi ta hagu sauka, mu da muke gabanka kullum ba mu lura ba. Kai ne ka hana na'ura baƙanta mana fuska, mu kuma muka bar taka a duhu. Bango madafar bayi, na ji kunya, kuma a gaban masu karatu nake neman gafararka.

Da fim ya ƙare, Istifanus ya sa aka juya kyamara kansa, jar fitila ta kama. Baba Ila ya dubi gilashin, ya dubi fitilun zauren, da alama hasken bai gamsar da shi ba. Kafin kowa ya ankara ya cire hula ya miƙa ta gaba, ta rufe fuskarsa gaba ɗaya, duk Kaduna na kallo.

"Malam, sauke hular nan," in ji Magajiya daga kujerarta. "Yau kai za a gani."

Ya sauke. Furfura ce da sanƙo da ido mai ƙwalla, hoton kuma ya fita da kyau, domin wanda ke bayan kyamarar Baba Ila ne ya koya masa buɗe idonta da yatsa.

Mun gode, Baba Ila. Allah ya huta da kafaɗar nan, ya saka da alheri. Matasan da suka gaji kyamararsa, ku gaji haƙurinsa da tsabtar aikinsa. Mu kuma da ake haskawa, mu riƙa waiwayar mai haska mu tun yana tsaye a wurin. An ce min washegari maƙwabta sun cika gidan Magajiya da barka, ita kuma kowa ya shigo sai ta tambaye shi ko ya ga maigadin.